Lesukan adakar Inna

Asabar, Tudun Wada, Kaduna.

Yau Goggo ta ce lallai a buɗe adakar marigayiya Inna kafin damina ta yi nisa, tana tsoron kada danshi ya yi ɓarna. Ƙarƙashin atamfofi muka tarar da lesuka uku, har da na lefenta, duk suna ƙamshin kafur.

Aka kira wata tsohuwar dillaliya da ta daɗe tana harkar zannuwa a Kasuwar Barci. Ko kallon fuskar leshin ba ta yi ba. Juya shi ta yi, ta ɗaga saitin taga, tana bin bayan furannin da ɗan yatsa.

"'Yata, matso ki gani. Kowane fure sak ɗan'uwansa, aikin inji ke nan. Amma duba bakin hudojin, an ɗaure su tsaf, babu zare ko ɗaya da ya tsefe. Wannan ɗan Siwis ne na asali."

Ta zaro zare ɗaya daga kalmasa, ta ƙyasta ashana. Ya ci wuta da warin takarda, tokar ta murtsuke a yatsa. Auduga ce zalla. Ta ce da na roba ne, dunƙulewa zai yi ya bar ɗan ƙulli mai tauri.

Na ji daɗin da ba ta raina shi don na inji ba ne. Yawancin abin da muke kira leshi ado ne da inji ya ɗinka a kan yadin auduga, irin na St. Gallen a Suwizalan da Lustenau a Ostiriya, garin da ya fara turo wa Najeriya kaya tun shekarun 1960. A Ingila ma tun 1809 John Heathcoat ya yi rajistar injin saƙa ragar leshi, don haka tsufa kaɗai ba ya nuna aikin hannu.

Na ukun ne ya sosa min rai. Tsatsar adaka ta kama shi, layin ninki ya yi rawaya, zaren wurin ya yi rauni. Dillaliya ta ce kuɗinsa ya faɗi sosai, ta kuma gargaɗe mu kada bilic ya kusance shi, kada a sa shi a leda.

Ta taya na lefen, Goggo ta ce albarka tun ba ta rufe baki ba. Gobe in sha Allahu zan sayo farin yadin auduga mu naɗe su, mu sauya musu mazauni.