Abin da na koya a ɗakin koyar da fiyano

Na maida ma maigidan makullin situdiyo, ba faɗa ba zagi, amma tunda wasunku na ta tambayata a WhatsApp mi ya faru, bari in faɗi sau guda in huta.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya san kayan aikinmu, Yamaha PSR ne masu maɓalli 61 ba babban fiyano mai 88 ba, kuma ya san akwai botan ɗin da in ka danna shi, yatsa guda na hannun hagu ya isa ya tado maka ganga da bas da akor (sautuka da yawa da ake bugawa tare) gaba ɗaya, kai ka ce mutum biyar ke kiɗa. To kan botan ɗin nan muka saɓa. Ni yaro in ya zo da zama nake farawa, baya a miƙe, yatsu a lanƙwashe kamar ya riƙe lemu, babban yatsa 1 ƙarami 5, ya hau do re mi ya zura babban yatsa ta ƙarƙashi ya kama fa har ya kai do na sama, dama daban hagu daban, sannan a haɗa su sannu sannu da metronom, na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa. Abin na cin watanni kuma ba daɗin ji, ni ma na sani. Shi kuwa maigida so yake kafin wata ya mutu yaro ya buga waƙa guda a ɗauki bidiyo a tura ma uban, don kuɗin wata mai zuwa su shigo ba gardama.

Akwai wata yarinya 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba ta da sauri amma ba ta fashi, hannunta na hagu ya fara tashi kenan. Rannan uwarta ta zo ɗaukarta ta ce, Malam, ɗan maƙwabtanmu har waƙar biki yake bugawa, ita wagga har yanzu do re mi? Kafin in buɗe baki maigida ya ce, Hajiya ki yi haƙuri, mushen nata ne ke jan ƙafa, daga yau ni zan riƙe ta. A gaban yarinyar, a gaban sauran yara. Wallahi ban ce uffan ba, na tattara kaye na koma kujerata. Ya kunna mata botan, ba a jima ba bidiyo ya fita, Hajiya ta sa a status, aka yi ta sambarka. Da ya gaji da ita sai ya turo min ita ba ko sannu, na ce ta buga gam, wato do re mi har do na sama, da hannu biyu, hagun ya sandare, ta sunkuyar da kai tana hawaye ita a tunaninta kanta ne ba ya ja. Kuma kuɗin awowinta na watan aka zare daga nawa, wai ai ba ni na koyar ba. Muka koma farko ni da ita. Ranar fet ɗin ƙarshen shekara ta buga da hannu biyu ba botan, maigida ya karɓi makirfo ya ce ga irin aikin da muke yi a nan. Muke yi wai.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kowane yaro a buɗe masa kaye a rubuta inda ya tsaya, don iyaye in ba su ga shaida a takarda ba sai sun nemi ta bidiyo. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Wanda ba shi da fiyano a gida a zana masa maɓallan a kwali, yatsu su saba. Yaranmu kunne gare su, a fara musu da baƙaƙen maɓalli, sautin nan biyar da yawan waƙoƙinmu na zaune a kansu, nan da nan yaro zai tsinto waƙar da ya sani. A rufe kaya da zane lokacin hunturu, ƙurar Maradi ba ta da kunya. Kar a matsa ma mai BEPC in jarabawa ta matso. Kuma ku masu shirin karɓar wurina, maganar kuɗi a rubuta ta tun ranar farko, har da wa ke da awa in an canza ma yaro malami.

Yanzu gida gida nake bi da kabu-kabu, fiyanon a cinya. Hajiyar ma ta kira, Asabar za mu fara.