Inda na kwana a koyon fenti bayan baje kolin Legas

'Yan uwana masu koyo, barkanmu da aiki. Ga labarin wannan watan.

Allah ya nufa na samu zuwa ART X Lagos, baje kolin zane-zanen da ake yi a watan Nuwamba a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island. Tokini Peterside ce ta kafa shi a 2016, kuma a wannan baje kolin ne aka nuna Tutu, zanen Ben Enwonwu, a 2018, bayan an sayar da shi a Landan kan fam miliyan 1.2. Kowane gidan sayar da zane yana da rumfarsa, wasu daga Legas, wasu daga Accra, wasu daga Turai. Batun farashi kuwa mu bar shi, ni dai kallo ya kai ni.

Abin da ya tsayar da ni shi ne fatar mutum. Kun san yadda muke fama da ita: mu zuba ruwan ƙasa, mu ƙara baƙi a wajen inuwa, mu ƙara fari a wajen haske, fuska ta fito kamar an shafa mata toka. To, duk zanen da ya burge ni sai in matsa kusa da shi iyakar yadda aka yarda. Da wuya ka ga baƙi tsantsa. Inuwar ƙarƙashin haɓa shuɗi ce mai duhu, wani lokaci shunayya. A kunci akwai ja a ƙasa, an bi ta kansa da ruwan ƙasa marar kauri, jan yana leƙowa. Hasken goshi kuma ba fari ba ne, ruwan ɗorawa ne ko shuɗi mai haske, gwargwadon inda hasken ya fito. Ka ja baya taku kaɗan, duk su haɗe su zama fata mai rai. Hoton waya ba ya nuna wannan, shi ya sa wanda ya koya daga waya kaɗai yake rasa shi.

Hakan ya tuna mini da marigayi Yusuf Grillo, wanda aka san shi da shuɗi. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya. Mutanensa shuɗaye ne, amma ba wanda ke shakkar mutane ne.

Zane-zanen baje kolin ba duka suka yi mini ba fa. Wasu girma ne kawai, bango guda, ba abin da ke riƙe ido.

Da na dawo sai na mayar da baƙin fenti cikin akwati. Yanzu duhuna daga shuɗi mai zurfi da makuba nake haɗa shi: in ƙara shuɗi ya yi sanyi, in ƙara makuba ya yi ɗumi. Ina fara shafe kanfas da jan ƙasa mai ruwa-ruwa, in bari ya bushe, sannan in ɗora sauran a hankali, mai kauri a ƙarshe. Fuskar dattijon da nake yi ta fara kama, sai dai wuyansa ya yi shuɗi da yawa, zan rage.

Masu aiki da fentin akirilik, ku tuna yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka ku haɗa shi ya ɗan fi abin da kuke so haske. Ga hunturu ya shigo, kafin ka wanke buroshi fentin ya ƙame. Ni jiƙaƙƙen tsumma nake shimfiɗawa a faranti, in ɗora takardar gashin kek a kai, in zuba fentin a samanta. Yana kai ni har la'asar.

Saura hannaye. Wanda ya iya yatsu a cikinku, don Allah ya nuna mana yadda yake fara su.