Tayar baya ta yi sanƙo

Laraba. Daren jiya aka yi yayyafin farko na bana. Bai isa ya wanke kwalta ba, sai dai ya kwaɓa ƙurar rani da baƙin man da motoci suka ɗiga, titi ya koma kamar an zuba masa miyar kuɓewa. Na fito daga Sheka zan tafi makaranta a Sharaɗa, wani mai adaidaita ya tsaya a gabana babu sigina, na ɗan taka birkin baya. Kawai sai na ji bayan babur ya yi gefe abinsa. Allah Ya tsare, da ƙafa na dafe, takalmi ne kaɗai ya yage. Amma har na shiga aji gwiwata rawa take yi.

Da aka tashi na biya wajen Baba mai faci na bakin layinmu, wai ya duba min iska. Ko geji bai ɗauko ba. Ya tsuguna ya shafa tayar da tafin hannu ya ce, "Malam, wannan ai ta yi sanƙo. Da me kake so ta kama ƙasa?"

Na ce ai ga zane nan a gefe da gefe. Ya ce gefen sai a kwana yake taɓa titi, tsakiyar ce ke ɗaukata da buhun da nake ɗorawa kullum. Da na duba da kyau, tsakiyar ta baje sumul kamar bayan faranti. Sai ya nuna min wani abu da shekara uku ina hawa ban taɓa lura da shi ba: ɗan hoton kusurwa uku a jikin taya, kusa da haruffan TWI. Idan ka bi saitinsa zuwa cikin ramin zane, akwai ɗan tudu na roba. Ranar da zanen ya cinye ya yi daidai da tudun nan, taya ta gama aikinta. A tawa, tudun ma ya fara suɗewa.

Ya sa farce ya matsa gefenta, sai ga tsaga ƙanana birjik, kamar faso a dugadugi lokacin hunturu. Rana ce ke busar da roba, in ji shi, ni kuwa a tsakar rana babur ɗina yake wuni. Kusa da wajen akwai lamba huɗu cikin ɗan zobe, 3818, wato mako na 38 na shekarar 2018 aka ƙera ta. Ashe lokacin da na saye ta sabuwa dal cikin leda, ta riga ta yi shekaru tana barci a shago.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tib. Da ya zaro shi muka ƙirga faci bakwai. Duk watannin nan titi nake zagi da masu zubar da ƙusa. Baba ya ce taya mai nama sai ƙusa ke huda ta, tawa kuwa ƙaya ma ta ishe ta.

Albashi bai shigo ba, don haka na yi masa maganar 'yar hannu. Ya girgiza kai ya ce, "Araha ba ta ado, ɗana." Ya rubuta min lambar girman tayar, 3.00-17, a bayan kwalin ashana ya ce kada a liƙa min wata. Na taɓa kuɗin shinkafar wata na nufi Sabon Gari. Mai shagon har ya fara ɗaure fuska ganin ina jujjuya tayoyinsa ina karanta lamba, sai a ta huɗu na samu ƙirar bara. Na haɗa da sabon tib.

Bayan la'asar Baba ya ɗaura, ya gargaɗe ni da in bi ta a hankali kwanakin farko don sabuwa ma tana da santsinta. Ta gaba ya ce za ta kai ƙarshen wata, kada in wuce haka, domin in ta gaba ta zame babu ƙafar da za ta cece ni.

Ina shiga gida uwargida ta kalli ƙafata ta ce, "Malam, me ya samu takalminka?" Shi na fara yi mata bayani. Zancen shinkafa na bar shi sai bayan an ci tuwo.