Yadda munka je Surame, tsohon birnin Kanta

Mu Kabawa akwai mu da cika baki da Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ko yaro ka tare a Argungu zai ce maka shi jikan Kanta ne, amma tambayi mutum ko ya taɓa sa ƙafa Surame sai ka ji ya fara kame-kame. Hunturun da ya wuce wani abokina malamin sakandare ya matsa mani lamba, munka zuba mai a mota munka kama hanya daga Birnin Kebbi.

Shi ya ce lalle sai mun fara tsayawa Gidan Kanta a Argungu, kuma wallahi ya yi gaskiya. Gidan ga fa tsohuwar fada ce, Sarki Yakubu Nabame ya gina ta 1831, sarakunan Kabi sunka zauna ciki har 1942 sannan daga baya anka maida ta gidan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kauri, kana shiga zaure sanyi ya buge ka kamar an kunna esi, ga masu da takubba da kwari da baka, ga tambura, ga homa da gora na masunta, can ciki kuma kaburburan sarakuna. In ka fara ganin waɗanga kaya da idonka, in ka je Surame kai zai iya cike maka gurbin abin da babu.

Don Surame kam babu kowa, kufai ne. Kuma mutane da yawa ba su san yanzu ba cikin jihar Kebbi take ba, tana ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, duk da nan ne hedikwatar daular Kabi tun farkon ƙarni na 16 lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya kafa tashi sarauta. Sai wajen 1700 anka bar ta sarauta ta dawo Birnin Kebbi, ita ma Abdullahi Fodiyo ya ci ta 1805, shi ya sa a ƙarshe Kabawa sunka tare Argungu.

Da munka bar kwalta munka shiga burji, ƙauyen da ke kusa munka fara zuwa gaida mai gari. Ranka ya daɗe, mun zo ganin Surame, ya ce madalla, ya haɗa mu da wani dattijo. Kar ka tsallake wanga mataki, wajen faɗi gare shi sosai, in babu ɗan gari duwatsu kawai za ka yi ta gani ka ɗauki hoto ka dawo ba ka fahimci komai ba.

Abin da ya ɗaure mani kai shi ne ganuwar. Mun saba ganuwa ta jar ƙasa irin ta Kano da Zariya wadda ruwa ke cinyewa duk damina, amma ta Kanta da dutse anka yi ta, an jera su ɗaya bisa ɗaya an liƙe da laka, wani wuri ta zube ta zama tsibi wani wuri kuma tana nan tsaye bayan shekara kusan 500, kuma ba zagaye ɗaya ba ne, ka wuce wanga ka sake cin karo da wani a ciki. Na tsaya ina ta lissafin mutum nawa sunka ɗauko duwatsun ga a ka, babu tifa babu baro. Na ce Baba, wa ya yi wanga aiki? Ya yi dariya ya ce yaro, Kanta ba ya roƙo, ƙasashen da ya ci su ke turo mutane. Har ya ba mu labarin da ya ji ga kakanni, wai Nufawa sun makara zuwa aikin ganuwar Kanta anka sa su kwaɓa ƙasa da man kaɗanya a madadin ruwa. Labarin baka ne, amma ya nuna irin tsoron mutumin ga da aka yi.

Ya nuna muna inda ƙofofi suke da wurin da fada take, munka huta gindin wata kuka. Tun 1964 gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa, 2007 kuma ta shiga jerin jira na UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wuraren tarihi na duniya, amma ɗaliban abokina sun fi sanin dalar Masar da ita, abin ya ba shi haushi ƙwarai.

Mai niyya ya bari sai an gama girbi ciyawa ta bushe, da damina haki zai rufe rabin abin da ka zo gani. Sa takalmi sau-ciki don ƙaya da tsakuwa, silifas ba su yi, ɗauki ruwa da yawa babu mai fiya wata a dajin ga. Ka tambayi lafiyar hanya ga mutanen yankin kwana ɗaya kafin ka tashi, saboda matsalar tsaro, ka yi sammako ka fito da ido da rana. Dattijon da ya raka ka kuma ka sallame shi da kyau, wuni guda ya bar aikinshi saboda kai.