Gyaran rufin ɗakin tsohon jirgin katako

A arewacin Kamaru, a bakin tafkin Lagdo ko a Blangoua inda Shari ke shiga tafkin Chadi, tsofaffin jiragen katako masu ɗaki ciwonsu ɗaya ne: rufi ya lotsa, yana yoyo. Mai jirgi sai ya ɗora kwano ko leda a kai. Wannan kuskure ne babba, domin ruwan sama ne ke ruɓar da katako, kuma duk abin da ya hana shi bushewa yana ƙara masa ruɓa.

Da hunturu ake wannan aiki, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka kankare fenti, ka bi rufin da guduma. Lafiyayyen katako ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum. Inda ka ji haka ka soka sukuddireba, musamman a kusurwoyi, gindin tagogi da kewayen ƙusoshi masu tsatsa. Ka yanke duk inda ya yi laushi, ka ƙara santimita 10 cikin lafiyayyen, saboda ruɓar takan yi gaba da inda ido ke gani.

Ƙarfin rufi yana ga azarorin da ke ƙarƙashinsa. Wadda ta tsage, a sassaƙa mata abokiya mai lanƙwasa iri ɗaya, a manna a gefenta, a ɗaure da kusoshi masu noti kowane santimita 20. Wadda bakinta ya ruɓe, a yi mata ƙari da yankan gangare: tsawon yankan ya ninka kaurin azarar sau 8. Haɗin baki da baki ba ya ɗaukar nauyi. Katakon maɗaci ko na iroko za ka nema. Katakon ayus na da araha, amma ba ya jure jiƙa. Idan ana ɗora buhunan banda a sama, kada tazarar azara ta wuce santimita 30, kuma a kafa tokara a kowace kusurwa inda rufi ya haɗu da bango. Tsakiyar rufin ta ɗara gefe da kamar santimita 4 a kowace mita ta faɗi, don kada ruwa ya kwanta.

Sai a shimfiɗa filaiwud na ruwa, wato falle-fallen katako da aka manne don jure jiƙa, mai kaurin milimita 12, a ɗaure da sukurori marasa tsatsa. Bakin filaiwud ɗin ne ke fara shan ruwa, don haka a shafe shi da gam ɗin efoksi sau uku. Gam ne mai ruwa biyu da ake haɗawa, a bi ma'aunin da ke jikin gwangwani daidai. A kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe, domin da rana ta take yakan daskare a kofi kafin a shafa. A rufe saman da ƙyallen faiba, wato na zaren gilashi, mai giram 200 a murabba'in mita, a jiƙa shi da efoksi, ya sauko gefe da santimita 5.

Rana na cinye efoksi, saboda haka a bi shi da farin fenti shafi biyu. Cikin ɗakin kuwa fenti kawai, ban da faiba, kuma a bar kafar iska gaba da baya.