Ranar da Hamilton ya yi kuka

Har yanzu ina komawa in kalli tseren motoci na Formula 1 na filin Silverstone a Birtaniya, na 7 ga Yulin 2024. Wallahi ranar na riga na fidda rai. Kwana 945 Lewis Hamilton bai ci tsere ba, rabonsa da nasara tun Jidda a ƙarshen 2021, har wasu suka fara cewa zamaninsa ya wuce.

Sai ga ruwan sama, ya zo ya ɗauke, titi ya fara bushewa. A nan aka yi ta. Hamilton ya shiga ya sauya tayoyi da wuri, Lando Norris kuwa ya ƙara zagaye guda, ya kuma ɓata lokaci wajen tsayawa. Ni dai a ganina McLaren, ƙungiyar Norris, ita ce ta jefar da nasarar da hannunta.

Zagayen ƙarshe a tsaye na kalla, shayina ya huce ban sani ba. Max Verstappen na biye da Hamilton, tazarar ba ta kai daƙiƙa 2 ba. Norris ya ƙare na uku.

Nasarar Hamilton ta 9 ke nan a filin, ta 104 jimilla. Da na ji muryarsa na rawa a rediyon motar, sannan mahaifinsa ya rungume shi, nima sai da na share ido.