Kilo 47 a allo, kilo 32 a rasit

Har yau idan na ji ƙarar maɓallin Enter a shagon Kawu sai gabana ya faɗi. Riyal 7,380 muka yi asara, kuma wannan kuɗi ne mai yawa ga ƙaramin shagon kargo, amma kuɗin ya fi sauƙin mantawa a kan kwana ukun da wani yaro ya yi ana masa kallon ɓarawo saboda layi biyu na rubutu da ni na goge da hannuna.

Shagon yana Jidda, ba nisa da Bab Makka. Aikinmu sananne ne: alhazai su gama ibada su shiga kasuwa, su jibgo darduma da jallabiya da dabino da barguna fiye da kilon da jirgi ya yarje musu, sai su kawo mana mu auna mu tura Kano ko Sakkwato ko Yamai. Shekara da shekaru da littafi da biro Kawu yake aikinsa, har zuwa 4 ga Disamba 2021 da aka wajabta wa masu rajistar haraji a Saudiyya fitar da fatura, wato rasit, ta na'ura. Ni ne ɗan 'yar'uwarsa da ya karanci kwamfuta, don haka ba a ma nemi shawarata ba, sanar da ni kawai aka yi. Na rubuta manhajar da harshen C# a kan Windows Forms, tsarin Microsoft na gina manhajojin Windows. Na san tun 2002 take, na kuma san masu yi mata dariya, amma ga kwamfutar shago da ke shan ƙura da zafi ban ga abin da ya fi ta ba.

Fom ɗin karɓar kaya ba wani abin a zo a gani ba ne. Sunan mai kaya, lambar waya, garin da za a kai, nauyi, sai gurbin ƙarin bayani a ƙarshe wanda kusan kullum babu mai cika shi. Kowane gurbi na ɗaure shi da BindingSource, wato abin da aka rubuta a allo shi ke tafiya da kansa cikin bayanin kayan ba sai na bi ina kwashewa ɗaya bayan ɗaya ba. Shekara biyu da rabi tana aiki lafiya lau. Ƙananan matsalolin farko, irin su ƙ da ɗ da suka riƙa komawa alamar tambaya saboda na sa varchar a madadin nvarchar, ko kwanan wata da ya riƙa fitowa da kalandar Ummul Ƙura domin kwamfutar a kan Larabcin Saudiyya aka saita ta, duk a mako guda na kawar da su.

Ga yadda zaman shagon yake, domin a nan abin ya ɓuya. Sikeli yana bakin ƙofa, kwamfuta a gefensa, yaron da ke awo shi ke shigar da bayani. Rasit kuwa can ciki yake fitowa a teburin Kawu, shi ke karɓar kuɗi. Mai awo ba ya ganin rasit, mai karɓar kuɗi ba ya ganin sikeli.

A hajjin 2024 an yi tsayuwar Arfa ran 15 ga Yuni. Kamar kwana goma bayan nan shago ya cika maƙil, jakunkuna har bakin titi. Da daddare yaron ya same ni ina cin abinci ya ce, "Yaya, don Allah ka sa mini idan na danna Enter ya ajiye kawai. Hannuna ɗaya kullum yana riƙe da salatif, laluben linzamin nan yana ɓata mini lokaci." Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Na buɗe Visual Studio, inda nake rubuta manhajar, na kunna KeyPreview na fom ɗin, wato fom ya riga gurbi ganin abin da aka danna, na sa Enter ya kira aikin ajiya kai tsaye. Na shigar da kaya na gwaji, ina bi da Tab daga gurbi zuwa gurbi, na danna Enter, ya ajiye. Ko minti biyar ban yi ba. Har da jin daɗin kaina na koma kan tuwona.

Wanda bai taɓa zama a shagon kargo ba ba zai san cewa alhaji ba ya kawo kaya sau ɗaya ba. Za a auna jakar Hajiya a sami kilo 32, a shigar, kafin ta kai teburin biya sai ta tuna da ledar da ke hannun jikarta. "Ɗan wannan kaɗai ne, ɗana, ka tura mini shi ciki." Ɗan wannan ɗin bargo biyu ne da tukunyar dafa shinkafa da kwalin dabino. A farke salatif, a cusa, a sake ɗorawa a sikeli: 47. Yaron ya buɗe bayanin, ya goge 32 ya rubuta 47, ya danna Enter, fom ya rufe, ya ɗauki maka ya rubuta 47 a jikin jaka, ya kira na gaba. A teburin Kawu rasit ya fito da kuɗin kilo 32.

Kwana goma sha biyu ana haka. Sai da takardun awon filin jirgi suka taru Kawu ya zauna yana haɗa lissafi, ya ga bambancin kilo 410 tsakanin abin da aka caje mu da abin da muka caji mutane. Bambancin kilo biyar ko goma tsakanin sikeli da sikeli mun saba da shi. Wannan kuwa ya wuce batun sikeli. A kan riyal 18 da muke karɓa kowane kilo, kowa ya iya lissafin.

Ni ya fara kira, kuma adalci ya yi da ya fara da ni. Ya ce, "Kai, na'urar nan taka ba ta kuskure?" Na ce, "Kawu, kwamfuta abin da aka ba ta shi take ajiyewa."

Wannan maganar ce ta ɗaure yaron. Idan kwamfuta ba ta kuskure, to wanda ke ba ta ne ke rage kilo, kuma ba a rage wa mutum kilo goma sha biyar don Allah. Kawu bai kore shi ba, bai ma ɗaga murya ba, cewa ya yi kawai daga gobe ya koma ɗaukar kwali a sito. Yaron ya rantse da Allah, ya sake rantsewa, daga nan ya yi shiru. Ni kuma a ganina na yi bincike: na buɗe bayani na gyara nauyi ya fi sau ashirin, duk lokacin yana ajiyewa daidai. Da linzami nake danna maɓallin, kamar yadda na saba. Wanda aka ɗora a kan sikeli a madadinsa shi ma ɗan linzami ne, sai aka wayi gari bambanci ya ɓace, zargi ya ƙara ƙarfi.

A rana ta uku na shiga sito neman wani abu daban, na ga jakunkunan da ba a tura ba tukuna. Wata an rubuta mata 32 an soke, an rubuta 47 da babban rubutu. Na duba a kwamfuta, 32. Na tsaya ina kallon jakar. Mutumin da ya karɓi na goro don ya rage kilo, me zai sa ya rubuta gaskiyar nauyin da jan maka a inda kowa zai gani? Na kira shi na ce ya zo ya gyara mini nauyi yadda ya saba, ni kuma na ja kujera na zauna a bayansa ina kallon hannunsa, ba allo ba. Ko kallon linzamin bai yi ba. Ya rubuta, ɗan yatsansa ya sauka a kan Enter tun tsinken rubutu yana ƙiftawa a cikin gurbin nauyi.

Na tsayar da manhajar a layin farko na ajiya. Gurbin allo yana cewa 47. Bayanin da ke ƙarƙashinsa yana cewa 32. Wallahi sai da na ji zufa ta keto mini duk da sanyin na'ura.

A Windows Forms, idan ka ɗaure gurbi da bayani ba ka faɗi komai ba, tsarin da yake ɗauka shi ne OnValidation. Abin da aka rubuta ba ya tafiya cikin bayanin sai an tantance gurbin, kuma tantancewar tana faruwa ne lokacin da aka bar gurbin zuwa wani wuri. Idan ka danna maɓalli da linzami, ka bar gurbin ke nan, sai 47 ta wuce kafin a ajiye. Idan ka danna Tab, haka. Amma Enter ɗin da na sa yana kiran aikin maɓallin ne daga nesa, tsinken rubutu yana nan inda yake, saboda haka a wurin fom ɗin ba ka gama rubutu ba. A sabon kaya ba mu lura ba domin ana wuce nauyi da Tab, abin da ke salwanta shi ne gurbin ƙarin bayani da ba mai cikawa. Gyara ne kaɗai ke mutuwa, kuma a shagon kargo gyara kullum ƙari ne, ban taɓa ganin alhajin da ya dawo ya rage kaya ba.

Maganin layi biyu ne kafin ajiya: a kira Validate na fom ɗin, idan ya ƙi a dakata, sannan a kira EndEdit na BindingSource. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san layukan. Visual Studio da kansa yake rubuta su a maɓallin ajiya idan ka jawo tebur ka ajiye a kan fom. Tun a 2021, ina share abin da na ɗauka tarkace ne, na goge su, na gwada da linzami na ga komai yana aiki, na ce ashe ma ba su da amfani.

Kada wani ya ce shi ba ya ajiya da Enter don haka ya tsira. Maɓallan ToolStrip da ke jere a saman fom su ma ba sa janye tsinken daga gurbi, ko da linzami ka danna su. Ctrl+S na menu haka. Wanda ya gudu WPF, wani tsarin Microsoft ɗin, ma zai tarar da ramin yana jiransa, domin a can rubutun TextBox sai an bar gurbin yake tafiya, kuma maɓallin da aka sa wa IsDefault, wato wanda Enter ke dannawa, halinsa ɗaya da namu. Na yi tunanin mayar da komai OnPropertyChanged, wato kowane harafi ya tafi nan take, in huta, sai na ga a gurbin lamba hakan yana nufin 47 za ta fara shiga a matsayin 4, kuma duk lokacin da aka goge gurbin don a sake rubutu akwai ɗan lokacin da babu lamba sam. Ga gurbin suna ba laifi. Ga abin da ake lissafa kuɗi da shi, na fi son aiki guda ɗaya na ajiya wanda duk hanyoyi ke bi ta cikinsa, Validate a bakin ƙofarsa.

Da na fara tono sai na ga Enter ɗin nan yana da wata ɓarnar. Na'urar karanta lambar da muke mannawa a jaka, a wurin kwamfuta allon madannai ce kawai: tana buga haruffa da sauri ta rufe da Enter. Tun daren da na sa Enter ya riƙa ajiya, duk karatun da ta yi a cikin fom ɗin danna maɓallin ajiya take yi. Na je KeyDown na gurbin don in tare, na tarar Enter ba ya ma isowa can, fom ya riga ya cafke shi a hanya. Ƙarshe na cire KeyPreview gaba ɗaya, na koma ProcessCmdKey inda ake ganin maɓalli kafin kowa: Enter ya kai ka gurbi na gaba, F9 ya ajiye. Na kuma sa gurbin lambar jaka ya mayar da madannai Turanci da kansa idan an shige shi, domin idan an bar su a Larabci bayan rubuta sunan wani, na'urar haruffan Larabci take zubawa.

Wani tarkon kuma na lambobi ne. Na daɗe ina tace gurbin lamba a KeyPress da char.IsDigit ina ganin na rufe ƙofa. To abin da aka kwafo daga WhatsApp aka liƙa ba ya bi ta KeyPress, kuma masu turo mana saƙo da wayar Larabci ٤٧ suke rubutawa. IsDigit ma da kansa ya yarda cewa ٤ lamba ce, amma decimal.Parse bai san ta ba. Yanzu kafin komai ina bin rubutun harafi-harafi ina mayar da su 0 zuwa 9. Wannan bai ci mana ko halala, wato kwabon riyal, ba, sai dai bayan abin da ya faru na daina yarda da duk abin da ni kaɗai na gwada.

Kuɗin bai dawo ba. Mutanen sun riga sun isa gida, kuma Kawu ya ce ba zai bi Hajiya har Gusau da waya yana neman cikon kuɗin bargo ba, tunda abin da rasit ya nuna shi ta biya. Na ce a riƙa cira daga abin da yake ba ni, ya ce in bar maganar. Ni na so a cire ɗin.

A gaban duk ma'aikatan shago na faɗi cewa laifina ne, na kuma maimaita maganar da na yi wa Kawu ran nan na ce ƙarya ce, kwamfuta tana iya nuna maka abu ɗaya ta ajiye wani. Kawu ya kira yaron ya ce, "Ka yafe mini, ɗana, na zalunce ka." Ya ce ba komai, Baba, ya wuce. Ni da na ba shi haƙuri murmushi kawai ya yi ya ce, "Yaya, ai da ka tambaye ni tun ranar farko."

Ya koma kan sikelinsa. Na ƙara masa babban rubutu da ke fitowa bayan kowace ajiya, wanda ake karantowa daga rumbun bayanai ba daga gurbin allo ba, yana nuna tsohon nauyi da sabo da kuɗin da zai fita a rasit. Duk da haka na lura idan ya gyara nauyi ya danna F9, sai ya sake buɗe bayanin ya duba da idonsa kafin ya ɗauki maka. Ban ce masa ya daina ba.